Yaran shago suna danna "Yes" ba su karanta ba: in ƙara wani akwatin gargaɗi?

Tambaya daga wani matashi mai rubuta manhaja a Gombe: "Assalamu alaikum. Na rubuta wa wani kantin kayan masarufi da ke kusa da babbar kasuwa manhajar ciniki, tana aiki a kwamfutar kanta da kuma wayoyin Android na yaran shago. A kowane ciniki ƙananan akwatuna uku ne ke ɓullowa: ɗaya yana tambaya ko an tabbata, ɗaya yana cewa an adana, ɗaya yana tambaya ko a buga rasit. Suna yin ciniki kamar 200 a rana, kuma suna ƙorafin akwatunan sun ishe su. Makon jiya ɗayansu ya goge cinikin yini guda, alhali akwati ya fito ya tambaye shi 'Are you sure?' ya danna 'Yes'. Yanzu Alhaji mai shagon ya ce in ƙara akwati na biyu da jan rubutu. In ƙara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara. Akwatin da Alhaji yake nema zai yi tasiri na 'yan kwanaki, daga nan hannun yaron ya koyi danna "Yes" sau biyu a jere, a koma gidan jiya.

Yi lissafi da alƙaluman da ka kawo. Ciniki 200, akwati uku-uku, ya kama sau 600 ke nan a rana da manhajarka take tsayar da mutum, kuma a duk sau 600 ɗin amsar da ta dace ita ce "Yes" ko "OK". Wanda ya yi wata guda a haka ya daina ganin rubutun da ke cikin akwatin. Idonsa yana kan layin masu saye, yatsansa kuma ya riga ya haddace wurin da maɓallin yake. Ranar da akwatin gogewa ya fito, ya fito ne da girma ɗaya, launi ɗaya, maɓalli a wuri ɗaya da sauran, sai yatsan ya yi abin da ya saba. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, amma a nan manhajar ce ta kafa turken.

Manyan kamfanoni ma sun taka wannan sawun. Da Microsoft ya fitar da Windows Vista ga jama'a a 2007, akwatin neman izini yana ɓullowa a kan abubuwa da yawa, har mutane suka koma danna amincewa ido rufe, wasu kuma suka kashe tsarin ɗungurungum. A Windows 7 da ya fito a 2009 sai da aka rage yawan tambayoyin, aka kuma ba mai kwamfuta matakai huɗu ya zaɓi yadda yake so a riƙa tambayarsa. Mafi muni shi ne labarin Therac-25, na'urar haska masu cutar daji da wani kamfani na Kanada ya ƙera. Tana yawan tsayawa ta nuna saƙo mai lamba kawai, irin su "Malfunction 54", ba bayani, kuma ma'aikatan sun saba danna harafin P su ci gaba, don galibi ba abin da ke faruwa. Tsakanin 1985 da 1987 aƙalla marasa lafiya shida ne suka sha hasken da ya wuce kima nesa ba kusa ba a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Kurakuran na'urar suna da yawa, amma saƙon da ba ya faɗar komai kuma yake fitowa kullum yana cikinsu.

To bari mu bi akwatunanka uku.

Na "an adana" cire shi yau. Ba tambaya ba ce, sanarwa ce, kuma sanarwa ba ta da hurumin tare mutum har sai ya danna wani abu. Ɗan gajeren rubutu a ƙasan allo da zai ɓace da kansa bayan daƙiƙa huɗu ko biyar ya wadatar, ko ma kawai cinikin ya bayyana a saman jerin cinikin rana da ɗan haske na ɗan lokaci. Na rasit kuwa, amsarsa a shago ɗaya kusan iri ɗaya ce kullum, don haka mayar da shi saiti: ko dai a riƙa bugawa kai tsaye, ko a ajiye maɓallin "Buga rasit" a gefe ga wanda ya nema. Na "ka tabbata?" kafin a kammala ciniki shi ma ba ya kare komai, domin abin da yaron yake buƙata shi ne ya ga jimillar kuɗin da manyan lambobi a kan allon da yake aiki a kai, kafin ya danna "Karɓi kuɗi". Da wannan kaɗai ka sauko daga 600 zuwa kusan sifili, kuma ranar da akwati ya ɓullo zai zama baƙon abu da zai sa mutum ya dakata.

Sai batun gogewa, wanda shi ne ainihin ciwon. Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ba "yaya zan gargaɗe shi" ba ce, "me ya sa manhajata take iya hallaka cinikin yini da danna biyu" ce. A manhajar kuɗi ba a goge ciniki daga rumbun bayanai. Ƙara ginshiƙai uku a teburin ciniki: lokacin da aka soke, wanda ya soke, da dalili. Idan aka danna sokewa, layin yana nan daram, alama kawai aka yi masa, ya fita daga jimillar rana, kayan kuma su koma lissafin abin da ke sito. Daga nan ka nuna ɗan rubutu a ƙasa: "An soke ciniki mai lamba 148. Dawo da shi", na tsawon daƙiƙa takwas zuwa goma. Ko lokacin ya wuce, mai shago yana da shafin da zai ga duk abin da aka soke ya maido. Mutum yakan gane ya yi kuskure ne a daƙiƙar da ta biyo bayan aikin, ba kafinsa ba, shi ya sa damar janyewa ta fi tambaya amfani. Gmail yana ba da zaɓin daƙiƙa 5, 10, 20 ko 30 na janye wasiƙar da aka aika. WhatsApp ma a ƙarshen 2022 ya ƙara daƙiƙa biyar na janyewa ga wanda ya goge saƙo a wayarsa kaɗai alhali so yake ya goge wa kowa, kuskuren da duk mai zama a zauren WhatsApp ya sani.

Abin da za ka kai wa Alhaji ke nan a madadin jan akwati: yaron kanta yana iya soke ciniki ɗaya, na ranar, kuma sunansa zai hau. Soke abin da ya wuce wani adadi, a ce ₦50,000, ko cinikin jiya, sai da lambar sirrin manaja. Goge yini guda kuwa kada ma maɓallinsa ya bayyana a allon yaran. Ka nuna masa a gabansa, ka soke ciniki ka dawo da shi. Mai dukiya ba akwati yake so ba, so yake kada kuɗinsa su salwanta ba a san wanda ya taɓa ba.

Duk da haka akwai wuraren da tambaya ta zama dole: abin da ba ya janyuwa, kamar tura kuɗi zuwa asusun wani, ko aika saƙon tes ga abokan ciniki 500 a lokaci ɗaya, ko share bayanai na dindindin. A nan ne rubutun akwatin yake da muhimmanci, kuma a nan ne yawancin manhajojinmu suke faɗuwa. "Are you sure?" ba ta ɗauke da labari ko ɗaya. Ka tabbata da me? Akwatin kirki yana faɗar abu uku: me za a yi, a kan me, kuma me zai biyo baya. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Gargaɗi! Ka tabbata? Ee / A'a." Na biyu: "A goge cinikin ranar Talata gaba ɗaya? Ciniki 212 ne, jimilla ₦1,340,500. Ba za a iya dawo da su ba." Maɓallan kuma: "Goge ciniki 212" da "Bar su". Ko mutum bai karanta komai ba sai maɓallin, ya san abin da zai faru. Wannan ita ce ƙa'idar da Apple da Google da Microsoft duk suka rubuta a jagororinsu na tsara manhaja: a sa aikatau a kan maɓalli, a guji "Yes" da "No".

A kula da tarkon kalmar sokewa. Idan tambayar ita ce "A soke wannan ciniki?" sannan maɓallan suka zama "OK" da "Cancel", ko "To" da "Soke", mutane da yawa za su danna "Soke" da nufin soke cinikin, alhali akwatin suka rufe. Rubuta "Soke cinikin" da "Ci gaba da cinikin", magana ta ƙare.

Wurin tura kuɗi, abin da ya kamata ya fi komai girma a akwatin shi ne sunan mai asusun da banki ya dawo da shi bayan an shigar da lambobi goma na asusun, sai adadin kuɗin da waƙafi a wurinsa. 500000 da 50000 ba su da bambanci a idon wanda ya gaji, amma 500,000 da 50,000 suna da shi. In kuɗin sun yi nauyi ka ƙara su da kalmomi a ƙasa: naira dubu ɗari biyar. Idan kuma aikin na hallakarwa ne ƙwarai, kamar share duk bayanan shago, ɗauki dabarar GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, wanda ba ya goge ma'ajiyar aiki sai ka rubuta sunanta da hannunka. Sa mutum ya rubuta sunan shagon. Amma wannan magani ne mai ɗaci, sau ɗaya ko biyu a duk manhajar. In ka watsa shi ko'ina, za su koyi kwafa da liƙawa.

Ga wani abu da ya shafi kanti kai tsaye, kuma da wuya a same shi a darasin makaranta. Yawancin na'urorin karanta lambar kaya suna shiga kwamfuta ne a matsayin allon rubutu, wato keyboard: su rubuta lambar, su biyo ta da Enter. Idan akwati ya ɓullo yaron bai lura ba, ya ɗauki kwalin madara na gaba ya haska, wannan Enter ɗin zai faɗa kan maɓallin da ka sa a matsayin zaɓin farko. In "Yes" ne, to na'urar ce ta amsa, ba mutum ba. Bincika wannan a manhajarka, don mai yiwuwa ma haka cinikin ya tafi. Gyaran: a duk akwatin da ke da haɗari, zaɓin farko ya zama maɓallin da ba ya ɓarna, Esc ya riƙa rufe akwatin ba tare da an aikata komai ba, sannan maɓallin ɓarnar ya ƙi karɓar danna na rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya bayan ɓullowarsa. Wannan ɗan jinkirin yana kuma kare mai danna linzami sau biyu a jere, wanda dannansa na biyu kan sauka a kan akwatin da bai ma gani ba tukuna.

Jerin maɓallai: Windows ya saba sa na amincewa a hagu, na fasawa a dama. Kwamfutocin Apple akasin haka ne, Android ma tun sigar 4.0 ta 2011 na amincewa yana dama. In manhajarka tana kan Windows da Android, bi al'adar kowanne a gidansa, kuma kada ka sauya tsari daga akwati zuwa akwati. Wasu kan juya maɓallan da gangan wai don a tilasta karatu. Wannan mugunta ce kawai, kuskure take ƙarawa. Haka nan alamar X ta kusurwa ma'anarta "rufe, ban amince ba". A 2016 Microsoft ya fitar da wani akwatin ɗaukaka kwamfuta zuwa Windows 10 wanda rufe shi da X bai hana ɗaukakawar da aka tsara ba, aka yi ta Allah wadai har sai da ya sauya.

A waya, ka tuna da irin wayoyin da ke hannun yaran: Tecno da itel da Infinix masu ƙaramin allo, wani allon a tsage, ana aiki a rumfa cikin hasken rana. Google ya ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 48 a tsawo da faɗi a ma'aunin dp na Android, da tazarar aƙalla 8 tsakanin maɓallai, Apple kuma ya ce 44 a nasa ma'aunin. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana ɓacewa a rana. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don shafukan intanet su yi sauƙin amfani ga masu buƙata ta musamman, ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5 zuwa 1 tsakanin rubutu da bango. Ja yana da amfani a kan maɓallin ɓarna, amma kada ya zama shi kaɗai ne alama, don akwai masu wahalar bambance ja da kore. Gwada kuma akwatin da ke da gurbin rubutu: allon rubutun waya yakan taso ya rufe maɓallan, mutum ya rasa ta inda zai fita.

Idan za ka sa Hausa a manhajar, kuma ya kamata, abu biyu. Jimlar Hausa takan fi ta Ingilishi tsawo, don haka kada ka ƙayyade faɗin maɓalli, bar shi ya buɗe, in ba haka ba za a ga "Ci gaba da cin..." an datse. Sannan "ka" da "ki": ba ka san wanda ke riƙe da wayar ba, don haka yi amfani da sigar "a": "A goge?", "A tura?", "An adana". Duba kuma cewa salon harafin da ka zaɓa yana da ɓ, ɗ, ƙ da alamar ₦, musamman a firintar rasit, wadda takan buga alamar tambaya ko ɗan murabba'i a wurinsu.

Saƙon kuskure yana da nasa babi. Kuskuren cike gurbi, kamar lambar waya da ba ta kai 11 ba, ba ya buƙatar akwati ko kaɗan. Rubuta a ƙarƙashin gurbin: "Lambar ta zama 11, an shigar da 10", ka bar abin da ya rubuta yadda yake. Babu abin da ke ƙona rai kamar a cike gurabe goma, akwati ya ce "Invalid input", a danna OK a tarar an share komai, ba a ma faɗi wanne ne ba daidai ba. Da yawan waɗannan kurakuran ma aikin manhaja ne ta gyara da kanta: ta cire tazara a lamba, ta karɓi +234 a madadin sifilin farko.

Wanda ya fi tsada shi ne saƙon matsalar sabis wurin biyan kuɗi. Sakamakon biya iri uku ne, ba biyu ba: ya shiga, bai shiga ba, ko ba a sani ba tukuna. Idan manhajarka ta aika buƙata sabis ya yanke kafin amsa ta dawo, ba ta san komai ba. In ta nuna "Transaction failed" da maɓallin "Retry", yaron zai sake, a ciri kuɗin mai saye sau biyu, sai rigima a bakin kanta da zaryar banki. Rubuta gaskiya: "Ba a samu amsa daga banki ba. Mai yiwuwa kuɗin sun fita. Kada a sake biya, a duba matsayi." Maɓallin ya zama "Duba matsayi". A bayan fage, ba kowane biya lambar shaida tasa tun kafin a aika, ta yadda ko an sake aikawa uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun, za ta gane buƙata ɗaya ce ta ƙi maimaitawa. Kashe maɓallin biya da zarar an danna shi. Lambar kuskure irin ta masu gyara tana da amfani, amma a ƙasa da ƙananan haruffa, don a karanto maka ta waya.

Game da jira, ma'aunin da Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya yaɗa tun shekarun 1990 har yanzu yana aiki: abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba ana jinsa nan take, zuwa daƙiƙa ɗaya tunanin mutum bai katse ba, bayan daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri. Aikin da zai wuce goma yana buƙatar alamar ci gaba ta gaske da maɓallin dakatarwa. Da'irar da ke juyawa ba iyaka, a unguwar da sabis ke zuwa yana tafiya, ita ke sa a kashe manhaja da ƙarfi a tsakiyar aiki. Sa mata wa'adi, daƙiƙa 20 ko 30, sannan ta faɗi halin da ake ciki. Akwatin "a adana kafin a fita?" kuwa ba ya ceton kowa ranar da aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu. Riƙa adana kwandon ciniki da kanka a duk lokacin da aka ƙara kaya, in an kunna a tarar da shi.

Neman izini a Android: tun sigar 6.0 ta 2015 ana tambaya ne lokacin da manhaja take aiki, kuma daga Android 11, in mutum ya ƙi sau biyu, tsarin ya daina nuna tambayar, sai dai ya shiga saiti da kansa. Don haka kada ka jero buƙatun kyamara da wuri da sanarwa a buɗewar farko. Nemi kyamara a lokacin da ya danna "Haska lambar kaya", inda dalilin yake a fili.

In manhajar kwamfutar a burauza take gudana, rabu da alert() da confirm(), wato akwatunan da burauza ke bayarwa a shirye, domin ba sa barin ka sauya rubutun maɓallansu. Alamar dialog ta HTML, wadda manyan burauzoji duka suke goyon baya tun 2022, in ka buɗe ta da showModal() tana hana taɓa abin da ke baya, tana kuma rufuwa da Esc. Kada akwati ya buɗe wani akwatin a kansa, kuma in abin da ke ciki ya wuce gurabe uku ko huɗu, shafi yake buƙata.

Kafin ka taɓa komai, sa manhajar ta yi mako guda tana rubuta abu uku game da kowane akwati: sau nawa ya fito, wane maɓalli aka danna, da tsawon lokacin da ya ɗauka a buɗe. Mai karatu sosai yana cin kalma uku zuwa huɗu ne a daƙiƙa, don haka saƙo mai kalma 12 da ake rufewa a ƙasa da daƙiƙa ɗaya ba a karanta shi. Wanda amsarsa iri ɗaya ce sau 99 cikin 100, mayar da shi saiti ko ka cire. Bayan gyara, je shagon da yamma lokacin da layi ya yi tsawo, ka tsaya bayan yara huɗu ko biyar ɗaya bayan ɗaya, ka ce kowanne ya soke ciniki ya dawo da shi, kada ka nuna masa wurin dannawa. Duk inda ya tsaya yana neman maɓalli, ko ya juyo ya tambaye ka, rubuta wurin a takarda, shi ne aikinka na mako mai zuwa.